Hanyoyin hawan keke a kwarin Kogin Kano, daga Kura zuwa Tiga: ina neman shawara

Malamin Firamare, Gwale

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙasar Kura, Garun Malam, Bunkure da Rano, musamman manoman rani da waɗanda suka daɗe suna hawan keke a hanyoyin karkara. Wata biyar ke nan da na sayi keke na hannu mai giya, irin wanda ake ce wa keken hawan dutse, mai kaurin taya da shokozoba a gaba, bayan likita ya ce in riƙa motsa jiki saboda hawan jini. Da farko a cikin gari nake hawa bayan sallar asuba, amma hayaƙin adaidaita-sahu da gangancin wasu direbobi sun sa na koma fita bayan gari duk ranar Asabar.

Asabar ɗin da ta wuce na ɗora keken a motar haya zuwa Kura, na sauka na kama hanyar da ke bin gefen babbar magudanar ruwa. Rabon da in ga safiya mai kyau irin wannan har na manta: hazo bai gama washewa ba, alkama ta tsiro shar, balbelu suna bin bayan masu ban ruwa, iska mai sanyi tana tasowa daga kan ruwan. Na yi kusan awa guda ina tafiya cikin nishaɗi, sai na hango wata siririyar hanya da ta ratsa tsakiyar gonakin tumatir, na ɗauka hanyar ƙafa ce, na bi ta. Ashe kunya ce da ta raba fangali da fangali, ga shi kuma an yi ban ruwa, ƙasar ta jiƙe sharkaf. Tayar baya ta nutse, kunyar ta ɓalle, ruwan ya fara kwarara zuwa gonar maƙwabci. Mai gonar, wani dattijo mai furfura, ya taho da fartanya a hannu, bai ce mini uffan ba sai da ya gama toshe wurin, sannan ya ɗago ya dube ni ya ce, "Malam, ruwan nan kwana huɗu na yi ina jiran sa." Na ba shi haƙuri, na miƙa masa ɗan abin da ke aljihuna, ya ƙi karɓa. Har yau maganar tana cina, domin ni motsa jiki ya kai ni, shi kuwa abincin iyalinsa ne a wurin.

A hanyar dawowa kuma taya ta yi faci sau biyu, na biyun ma sai da na tura keken tafiya mai nisa kafin in sami mai faci, shi kuma famfonsa ya ƙi shiga bawul ɗin tayata.

Abin da nake so in sani shi ne yadda baƙo zai bambance hanyar da kowa ke da haƙƙin bi da wadda ba haka ba, domin ba na so in sake ɓata wa kowa aiki. Ina kuma so in ji ko zai yiwu mutum ya tashi daga Kura ya kai madatsar ruwa ta Tiga ta hanyar ƙasa ba tare da ya hau kwaltar Zariya ba, da lokacin da ya fi dacewa a shekara, da kuma abin da zan yi wa tayoyin nan. Allah Ya saka da alheri.

Manomin Rani, Kadawa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, na ji daɗin yadda ka kawo maganar nan kamar yadda ta faru, kuma kada ka ɗauki ƙin karɓar kuɗin da dattijon ya yi a matsayin fushi. Mutanenmu ba sa karɓar kuɗi a hannun baƙon da ya yi kuskure ya kuma ba da haƙuri. Amma bari in yi maka bayanin abin da ya sa ya ambaci kwana huɗu, domin in ka fahimci yadda ruwan nan yake tafiya, to ka fahimci hanyoyin ma.

Ina yaro aka gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano, a zamanin Gwamna Audu Bako, aka fara aikin a 1971 aka kammala a 1974. Ruwan da ka gani a Kura daga can yake tahowa, kuma babu injin da ke turo shi, gangara kawai yake bi: ya fito daga Tiga ta babbar magudana, wadda mu a nan muke ce wa kanal, ya bi ta Ruwan Kanya, sannan ya rabu biyu, reshen gabas da reshen yamma, kowane reshe ya haifi ƙanana, ƙananan su haifi waɗanda suka fi su ƙanƙanta, har ya iso bakin gonar mutum. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da manyan, mu kuma manoma muna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da ke tsara rabo da yashe ƙananan. Tun da ruwan ba ya isar kowa a lokaci guda, bi da bi ake sha, kuma wanda gonarsa take can ƙarshen layi shi ne ya fi kowa jira. In ranarsa ta zo ya cika fangalinsa, kunya ta ɓalle, to sai wani zagayen, tumatir kuwa da ya fara fure ba ya jure ƙishirwa.

Game da hanya, abin mai sauƙi ne in ka san abin dubawa. Kowane babban kanal yana da hanyar burji a gefensa, wadda aka yi domin motocin ma'aikata da na kwasar amfani, wannan ta kowa ce, ka bi ta hankalinka kwance. Duk hanyar da ka ga sawun amalanke ko na babur ko na jaki a kanta, ita ma ta jama'a ce. Wadda ba ta wuce faɗin tafin ƙafa biyu ba, ga shuka dama da hagu, ba ka ganin komai a kanta sai sawun ƙafa, wannan kunya ce, mai gona ne ya tada ta da hannunsa, ko mu ba ma hawa kanta da keke. In ka yi kokwanto, ka sauka ka yi sallama ka tambaya, ba za ka rasa mutum a gona ba daga asuba har la'asar.

Akwai kuma abin da 'yan birni ba sa lura da shi, wato tiyo. Masu gonakin da ruwan kanal ba ya hawa suna kafa injin ban ruwa su shimfiɗa tiyo ya gitta hanya. Kada ka taka shi da taya ko da ka ga babur ya taka, ka sauka ka ɗaga keken ka tsallake, domin tiyon da rana ta gasa taka ɗaya ke fasa shi, kuɗinsa kuma ba kaɗan ba ne. Haka shanya: da kaka za ka tarar an baza shinkafa a kan tamfol har ta ci rabin hanya, da rani kuma yankakken tumatir da tattasai da ake busarwa. Ƙurar tayarka kaɗai tana rage wa busasshen tumatir daraja a kasuwa, saboda haka ka rage gudu tun daga nesa.

Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatir ya nuna, hanyoyin da ke fita zuwa kasuwar Kwanar Gafan suna cika da motoci da babura ɗauke da kwanduna, kowa yana sauri kada kaya su lalace a rana. Direban da ya ɗauko kwando arba'in ba zai iya kauce maka a kan burjin da kanal ke gefensa ba, kai ne za ka ba shi hanya, kuma ka tsaya ta ɓangaren gona, kada ka tsaya ta ɓangaren ruwa.

Wani abu da nake roƙon ka da duk wanda zai zo: in kun fi biyu ko uku, musamman in kun sa hular kwano da baƙin tabarau da matsattsun kaya, ku fara biyawa ta ƙofar gidan mai unguwa ku gaisa ku faɗi abin da ya kawo ku. Zamanin nan mutanen karkara suna tsorata da baƙuwar fuska, kuma ba laifinsu ba ne. Ka sa dogon wando a kan na wasan, ka cire tabarau in za ka gaisa da mutum, kada kuma ka ɗaga waya ka ɗauki hoton mata masu tsinkar tumatir ko masu kai abinci gona. In ka yi haka sau biyu sau uku, da kansu za su riƙa nuna maka hanyoyin da ba za ka taɓa gano su kai kaɗai ba.

Mai Gyaran Keke, Sabon Gari

Salamu alaikum. Baba Manomi ya gama magana a kan haƙƙin gona, ni zan tsaya a kan abin da na sani, wato keken kansa. Malam, facin da ka yi sau biyu ba lalacewar taya ba ce, tsidau ne, kuma da ka juya tayar ka shafa cikinta da yatsa a hankali da ka ji tsinin ƙayar yana nan a maƙale. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne a like tub a mayar da shi ba a cire ƙayar daga jikin taya ba, sai a yi tafiya kaɗan ta sake huda shi a wuri guda. Tsidau da kashin yawo sun fi yawa a gefen hanya da wuraren da dabbobi ke kwana, kuma da rani ne suke bushewa su yi tauri. Ƙarangiya ba ta cika huda taya mai kauri ba, safa da wando take kamawa. Wadda ta fi muni ita ce ƙayar aduwa da farar ƙaya da manoma ke shinge da su, domin in reshe ya faɗo kan hanya, tsinin yana iya shiga ta gefen taya inda robar ba ta da kauri. Saboda haka ka bi tsakiyar hanya inda babura suka share, kuma kada ka jingine keke a gindin shinge.

Magani mafi inganci shi ne a mayar da tayar marar tub, a zuba mata ruwan roba mai toshe huda da kansa, in gargaren naka da tayar sun dace da hakan. Ƙaya ta shiga, ruwan ya bi ramin ya daskare, kai ba ka ma sani ba. Sai dai a zafin ƙasarmu ruwan yana bushewa cikin wata biyu zuwa uku, dole a riƙa ƙarawa, kuma ba ko'ina ake samunsa ba. In hakan ya yi maka tsada, ga dabarar da muke yi wa masu ƙaramin ƙarfi: a sami tsohuwar taya, a yanke bakinta biyu masu waya, a shimfiɗa tsakiyarta a cikin sabuwar tayar kafin a sa tub. Keken zai ɗan ƙara nauyi, amma tsidau ba zai kai ga tub ba.

Maganar famfo kuma, bawul iri biyu ne a irin waɗannan kekunan. Akwai siriri mai 'yar ƙusa a kai, wanda kekunan da ake kawowa daga Turai suka fi zuwa da shi, akwai kuma mai kauri irin na babur da mota. Mai facin ƙauye na babur ya tanada, shi ya sa nasa ya ƙi shiga naka. Akwai ɗan ƙaramin ƙarfe da ake murɗawa a kan siririn ya koma irin na babur, ka saya ka ɗaure shi a jikin makullinka. Duk da haka ka riƙa tafiya da famfonka na hannu, da tub guda ko biyu, da faci da sholisho, da ƙarfen cire taya, da ƙaramin makullin alanki, da mahaɗin sarƙa guda ɗaya.

Ka duba lambar da ke jikin tayarka. In 26 ce ka huta, domin ana samun taya da tub ɗinta a Kura da Rano da kusan duk wani babban gari. In 29 ce, ka sani tayar keken ƙauye da ake ce wa 28 ba za ta zauna a kan gargarenka ba ko da lambobin sun yi kusa, domin gargaren 28 faɗinsa milimita 635 ne, na 29 kuma 622. Amma in ka matsu, tub na 26 yana miƙewa ya kai ka gida.

Iska kuma kada ka cika ta har tayar ta yi tauri kamar dutse, wannan na kwalta ne. A kan burji da rairayi, mutum matsakaici mai taya inci 2.1 zuwa 2.3 da tub a ciki, awo 30 zuwa 35 a ma'aunin iska na PSI ya isa, marar tub ma yana iya sauka ƙasa da haka. Taya mai ɗan taushi ta fi kama ƙasa, ba ta saurin nutsewa a yashi, kuma ƙugunka zai gode maka. Sannan ina roƙon ka kada ka bari a shafa wa sarƙarka baƙin mai. Da hunturu ƙura tana haɗuwa da shi ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta cinye sarƙa da haƙoran giya cikin 'yan watanni. Ka goge sarƙar da tsumma bayan kowace fita, ka ɗiga mata mai marar kauri kaɗan, ka sake gogewa har ta kusa bushewa.

Mahayin Asabar, Na'ibawa

Barkanmu da warhaka. Malam, amsar tambayarka ta biyu ita ce e, zai yiwu, kuma ni da abokan hawana mun yi ta fiye da sau ɗaya. Bayanin da Baba Manomi ya yi shi ne taswirarka: tun da duk ruwan daga Tiga yake gangarowa, in ka riƙe hanyar gefen babban kanal kana fuskantar inda ruwan ke fitowa, duk inda ya haɗu da wanda ya fi shi girma ka bi babban, to a ƙarshe za ka iske kanka a Ruwan Kanya, daga nan kuma sai Tiga. Akwai wuraren da hanyar take yankewa ko ta cika da kachala da ciyawa, a nan sai ka tsallaka gada ka bi ɗaya gefen ko ka zagaya ta cikin ƙauye ka tambaya. Amma ba na ba ka shawarar ka yi ta gaba ɗaya a fitar farko. A kan burji sabon mahayi ba ya wuce kilomita 12 zuwa 15 a awa, ga tsayuwar gaisuwa, ga tsallake tiyo, ga faci. Ka raba ta kashi-kashi, kowace Asabar ka ƙara gaba kaɗan, ka san inda ake sayar da ruwa da shayi da inda motar haya take tsayawa in ka gaji.

Ka kuma yi lissafin iska. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka tafiyarka daga Kura zuwa kudu za ta yi maka daɗi duk da cewa ƙasar tana ɗan hawa, amma dawowa da rana, ga gajiya ga iska a fuska, ita ce ke karya mutane. Mu abin da muke yi shi ne mu hau keke zuwa can mu dawo a mota.

Gaskiyar magana, hanyar kanal shimfiɗaɗɗiya ce, tana da kyau ga lafiya da ido, amma ba za ka san amfanin giyar kekenka ba sai ka matsa wajen Rano da Rurum, inda duwatsu suke fitowa daga cikin gonakin dawa da gyaɗa. A can ne za ka sami fa mai faɗi da za ka hau da ƙaramar giya, tayar tana kama dutsen kamar an shafa mata ƙaro, ka gangaro ta tsakanin manyan duwatsu zuwa busasshen rafi mai yashi. A gangara ka ɗaga daga kan sirdi ka ja jikinka baya, ka matsa birki biyun a hankali, kada ka damƙe na gaba shi kaɗai. In ka shiga yashi ka sauya zuwa giya mai sauƙi tun kafin ka shiga, ka ci gaba da juya feda, ka sassauta riƙon kan keken ya nemi hanyarsa. Hular kwano kuwa a kan dutse wajibi ce, ko da za a yi ta kallon ka.

Lokacin da na fi so shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba: ruwan sama ya ɗauke, ƙasa ta kame amma ba ta koma gari ba, an yi girbi ana hango nesa. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yana haura digiri 40, duk wanda bai sauka daga keke kafin ƙarfe tara da rabi ba yana wasa da ransa. Da damina, musamman Agusta, laka ta fadama tana naɗe taya har ta daina juyawa, kuma rafin da ka tsallaka da safe a bushe yana iya kawo ruwa daga sama da azahar ba tare da an yi ko yayyafi a inda kake ba. In ka isa Tiga kada ka hau bangon madatsar ko ka ɗauki hoto sai ka nemi izinin masu gadi. Kudu da nan kuma, wajen dajin Falgore, ba wurin yawon keke ba ne saboda matsalar tsaro.

Daɗin daɗawa, ka gwada burtali. A ganina babu hanyar keke da ta fi shi a ƙasar nan: babu mota, babu kunyar da za ka ɓalla, yana ratsa gonaki ya kai ka har mashaya a bakin rafi.

Ɗan Makiyayi, Bebeji

Assalamu alaikum. Na amfana da bayanin ɗan'uwa Mahayin Asabar, amma maganar burtali tana bukatar gyara, domin a ruga na tashi kuma har yanzu ƙannena suna kiwo. Burtali ba fili ne da babu mai shi ba, hanyar shanu ce daga makwanci zuwa makiyaya da mashaya, kuma a shekarun nan ya ƙuntace ƙwarai saboda noma ya ci gefensa biyu, har akwai wuraren da saniya uku ba za su jera ba. In ka shigo da gudu ka yi kiciɓis da garke a irin wannan wuri, shanun ba su da inda za su kauce sai cikin gona. Kai za ka wuce abinka, yaron da ke bin su, wanda wataƙila bai fi shekara goma sha biyu ba, shi za a kama a kai gaban mai unguwa, mahaifinsa ya biya ɓarna, kuma kowa ya san yadda ƙaramar magana tsakanin manomi da makiyayi take girma.

Ba cewa nake kada a bi burtali sam ba. Shanu suna fita da hantsi bayan an gama tatsa, su dawo gab da magariba, saboda haka wanda ya bi da sassafe ya fita kafin ƙarfe tara da wuya ya haɗu da su. In kuwa kun haɗu, ka sauka tun daga nesa, ka tsaya a gefe guda ka sa keken tsakaninka da su, ka yi wa makiyayin sallama da muryar da shanun za su ji, domin sun saba da ƙarar babur da muryar mutum, abin da ke razana su shi ne abin da ya taho shiru da sauri yana ƙyalli. Kada ka kaɗa ƙararrawa, kada ka ratsa tsakiyar garke, kada kuma ka shiga tsakanin saniya da ɗan maraƙinta. In ka bi ta kusa da ruga karnuka suka taso, gudu shi ne kuskure, domin sun fi ka sauri a kan yashi. Ka tsaya ka yi sallama, wani zai fito ya tsawata musu, kuma da wuya ka bar wurin ba a kawo maka ƙwaryar nono ba.

Ma'aikaciyar Lafiya, Bunkure

Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Tun da ka ambaci hawan jini, ina so in ƙara abin da ya shafi jikinka. Ka koma wurin likitanka ka gaya masa tsawon tafiyar da kake niyya, domin wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, in suka haɗu da gumi da busasshiyar iskar hunturu jiki yana rasa ruwa ba tare da mutum ya ji ƙishirwa sosai ba. Ka ɗauki ruwan sha daga gida, aƙalla lita biyu, da ƙullin gishiri da sukari guda ɗaya, ka riƙa kurɓa a kai a kai. In ka ji jiri ko ciwon ƙirji ko bugun zuciya da bai saba ba, ka sauka nan take ka nemi inuwa da mutane.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne ruwan kanal. Yana da sanyi da ban sha'awa, duk wanda ya yi gumi zai so ya wanke fuska ko ya tsoma ƙafa, amma a irin ruwan nan mai tafiya a hankali, mai ciyawa a gefe, dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya yake rayuwa. Ƙwayar ba sai an sha ruwan ba, ta fata take shiga, kuma sai bayan makonni ko watanni mutum zai ga jini a fitsari. Muna ganin yara da masu ban ruwa da ita a asibiti, akwai maganinta mai suna praziquantel, amma wanda bai shiga ruwan ba ya huta. Saboda haka ko alwala ka yi da ruwan gorarka ko na famfon burtsatse a cikin ƙauye, keken ma kada ka tsaya cikin kanal kana wanke shi. In ka ga ana feshi a gonar tumatir, ka duba inda iska ke kaɗawa ka wuce da sauri ko ka jira, kada kuma ka ci tumatir ɗin da aka ba ka kyauta sai ka kai gida ka wanke. Takalmi rufaffe ya fi silifa, domin macijiyar nan kasa tana kwanciya a kan hanya da sanyin safiya kuma ba ta gudu in ta ji motsi. Ka gaya wa iyalinka hanyar da za ka bi da lokacin da za ka dawo, in da hali kuma kada ka tafi kai kaɗai.

Malamin Firamare, Gwale

Jama'a, na gode ƙwarai, Allah Ya biya ku. Maigida mai gyara, na duba tayar kamar yadda ka ce, 26 ce, kuma da na shafa cikinta na ciro tsinin tsidau har uku, ɗaya daidai inda aka yi facin farko. Gobe in sha Allahu zan sa a shimfiɗa mata tsohuwar taya a ciki, in sayi ɗan ƙarfen bawul ɗin. Hajiya, maganin da nake sha yana cikin masu sa fitsari, ina da ganin likita ranar Laraba, zan gaya masa. Maganar burtali na ajiye ta tukuna sai na sami wanda ya san wurin mu tafi tare, Rano da Rurum kuma sai ƙafata ta yi ƙwari.

Asabar mai zuwa Kura zan koma, in tsaya a kan burjin gefen kanal, kuma ina so in fara biyawa ta gonar dattijon nan in gaishe shi in ga yadda tumatir ɗin ya yi. Baba Manomi, tun da ya ƙi karɓar kuɗi, in na riƙa masa goro da ɗan sukari, zai ɗauke shi a matsayin gaisuwa, ko kuwa zai ga kamar biyan ɓarna na zo yi? Wane lokaci ne kuma ya fi dacewa in same shi ba tare da na katse masa ban ruwa ba?